Ƙayyade kuɗin ɗawainiya a tallafin bincike: wa zai biya gibin?

“Assalamu alaikum. Ni malami ne a wata jami'a, kuma ina cikin wani aikin bincike da muke yi tare da abokan aiki a Amurka. Na ji cewa gwamnatin Amurka ta ce jami'o'i ba za su ƙara karɓar fiye da kashi 15 cikin 100 a kan tallafin bincike da sunan kuɗin ɗawainiya ba, jami'o'in kuma suka garzaya kotu. Ni dai a ganina gwamnatin ce da gaskiya. An ce akwai jami'ar da ke karɓar kusan kashi 70. Idan aka ba mai bincike kuɗi don ya nemo maganin cuta, don me hukumar jami'a za ta kwashe fiye da rabi? Ko akwai abin da ban gane ba?”

Wa alaikumus salam, Malam. Idan na fahimce ka da kyau, so kake ka san ko kuɗin nan da jami'o'i ke karɓa a kan kowane tallafin bincike haƙƙinsu ne ko cin bulus, sannan ko ƙayyade shi a kashi 15 gyara ne. Aikina shi ne tsara kasafin ayyukan bincike da rufe lissafinsu a ofishin bincike na wata jami'a mai asibitin koyarwa, kuma cikin kuɗin da ke biyowa ta teburina akwai na NIH, hukumar gwamnatin Amurka mai tallafa wa binciken lafiya wadda ake wannan taƙaddama a kanta, wanda ke iso mu ta hannun jami'o'in Amurka da muke haɗin gwiwa da su. Don haka daga kujerar mai lissafi zan amsa maka. Ra'ayina tun daga farko shi ne ƙorafin da ake yi wa tsarin yana da tushe, amma yanke adadi ɗaya a ɗora wa kowa ba ya rage ko kwabo daga abin da bincike ke ci. Wanda zai biya ne kawai ke sauyawa, kuma yawanci wanda nauyin ke faɗa wa ba ya wurin sa'ad da aka yanke shawarar.

Abin da ya faru a Amurka

Ranar Juma'a, 7 ga Fabrairu 2025, NIH, wadda ita ce babbar hukumar da ke ɗaukar nauyin binciken lafiya a Amurka, ta fitar da sanarwa cewa daga Litinin 10 ga wata ba za ta ƙara biyan kowace jami'a fiye da kashi 15 a matsayin kuɗin ɗawainiya ba, har a kan ayyukan da aka riga aka sa hannu ana cikin yi. Hujjarta ita ce a shekarar kuɗi ta 2023 ta raba sama da dala biliyan 35 na tallafi, biliyan 26 ya tafi aikin bincike kai tsaye, biliyan 9 kuwa ya tafi ɗawainiya, kuma ta ce matakin zai rage mata kashe sama da dala biliyan 4 a shekara. Ta kuma wallafa sunayen Harvard mai kashi 69, da Yale mai 67.5, da Johns Hopkins mai 63.7, kowace da adadin dukiyar da ke asusunta. Daga nan lambar da ka ji ta fito.

A ranar da matakin zai fara aiki, manyan lauyoyin gwamnatocin jihohi 22 suka shigar da ƙara a kotun tarayya da ke Boston, ƙungiyoyin jami'o'i da na makarantun likitanci ma suka shigar da nasu. Mai shari'a Angel Kelley ta dakatar da matakin a ranar, ta tsawaita dakatarwar a watan Maris, a watan Afrilu kuma ta mai da ita ta dindindin, gwamnati ta ɗaukaka ƙara. Ma'aikatar Makamashi ta bi sahun NIH a watan Afrilu, hukumar NSF mai tallafa wa binciken kimiyya da Ma'aikatar Tsaro suka biyo a watan Mayu, duk da kashi 15 ɗin, kuma kowaccensu kotu ta taka mata birki. Ni ba lauya ba ne, amma ginshiƙin hukuncin farko a fili yake: tun da gwamnatin Trump ta farko ta nemi a mai da kuɗin kashi 10 a 2017, Majalisar Dokoki ta ƙi, ta kuma sa wani sashe a dokar kasafin kuɗi da ya hana NIH taɓa tsarin, ana sabunta shi duk shekara. Ban da haka, kotun ta ce hukumar ba ta bi ƙa'idar da aka shimfiɗa ta sauya adadin da aka riga aka daidaita a kai ba. Wato abin da kotu ta duba shi ne hanyar da aka bi. Ko kashi 15 ya isa ko bai isa ba, wannan gardama ce da har yanzu take a buɗe, kuma ita ce tambayarka.

Yadda ake lissafin

Kashi 69 na Harvard ba kashi 69 na dukan tallafin ba ne. Ana lissafa shi ne a kan kuɗin aikin, sannan a ɗora shi a sama. Idan aikin mai bincike zai ci dala 100, jami'ar kuma adadinta kashi 60 ne, gwamnati za ta ba da dala 160. Mai bincike ya sami 100 ɗinsa cif, jami'a ta sami 60, wanda yake kashi 37.5 na jimillar. Ko a Harvard ɗin, 69 cikin 169 bai wuce kashi 41 ba.

Sannan ba a kan dukan kuɗin aikin ake lissafawa ba. Kafin a buga adadin sai an cire manyan na'urori, da kuɗin makarantar ɗaliban da ke aikin, da kuɗin jinyar marasa lafiya, da mafi yawan abin da za a miƙa wa wata cibiyar da ake haɗin gwiwa da ita. Bari in ƙirƙiri misali irin wanda nake gani kullum. Aiki ne na dala 400,000 a shekara: albashi 250,000, sinadarai da kayan gwaji da tafiye-tafiye 70,000, sai na'ura ɗaya ta 80,000. Na'urar ba ta shiga lissafi, saura 320,000. Idan adadin jami'ar kashi 55 ne, za ta karɓi 176,000, jimillar tallafin ta zama 576,000, rabon jami'a ya tsaya wajen kashi 31. Idan aka mai da shi kashi 15, za ta karɓi 48,000. Ramin dala 128,000 ke nan a aiki ɗaya, a shekara ɗaya, kuma babbar jami'a tana da ɗaruruwan irinsa. Ko alƙaluman NIH kanta ka duba, biliyan 9 cikin 35 kusan kashi 26 ne. Maganar an kwashe fiye da rabi ba ta taso ba.

To me ake yi da kuɗin? Ka ɗauki tela. Yadi da zare da maɓalli na rigarka ne kai kaɗai, ana iya lissafa maka su. Hayar shago da wutar guga da gyaran keke kuwa na kowace riga ce da ta ratsa shagon, ba yadda za a auna wa kowa nasa, sai dai a raba a kan kowane ɗinki. Haka abin yake a ɗakin gwaji. Kashi na farko na gine-gine ne: lalacewar gini da na'urori a hankali, ruwan bashin da aka ci aka gina, wuta, ruwa, sanyaya ɗakuna, tace iska a inda ake aiki da ƙwayoyin cuta, zubar da sharar sinadarai da ta jini, laburare da kuɗin mujallun kimiyya, tsaron na'urorin da ke ajiye bayanan marasa lafiya. Kashi na biyu na gudanarwa ne: masu biyan albashi, masu sayen kaya, kwamitin da ke tabbatar da ba a cutar da mutanen da ake bincike a kansu ba, kwamitin kula da dabbobin gwaji, da irina masu cika rahoton kuɗi. Galibin wannan kashi na biyu gwamnatin ce da kanta ta wajabta shi. Ita ta ce kowane ma'aikaci sai an nuna kason lokacinsa da ya ba aikin, ita ta ce kowace sayayya sai da takardunta, ita ta ce duk shekara sai masu binciken kuɗi na waje sun shigo.

Kuma jami'a ba ta yanka wa kanta adadin. Duk bayan 'yan shekaru takan haɗa lissafin abin da ta kashe a zahiri, har da awon faɗin kowane ɗaki da irin aikin da ake yi a cikinsa, ta kai wa Ma'aikatar Lafiya ko Ofishin Bincike na Rundunar Sojan Ruwa, a zauna a yi ciniki. Shi ya sa adadin jami'ar da ke tsakiyar Boston mai ɗakunan gwajin ƙwayoyin cuta ya fi na wadda ke ƙaramin gari mai binciken zamantakewa. Abin da take karɓa mayar mata da kuɗin da ta riga ta kashe ne.

Inda tsarin ya samo asali

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatin Amurka ta zaɓi ta riƙa ba jami'o'i aikin bincike maimakon ta gina nata ɗakunan gwajin ko'ina, bisa ƙa'idar cewa jami'a ba za ta ci riba ba, ba kuma za ta yi asara ba. A 1947 Ofishin Bincike na Sojan Ruwa ya shimfiɗa ƙa'idojin lissafi na farko, a 1958 aka fitar da na bai ɗaya ga dukan hukumomi. Ƙayyadewa ma ba sabon abu ba ne. NIH ta taɓa tsayawa a kashi 8, aka ɗaga zuwa 15, aka kai 20, kafin a cire iyakar a tsakiyar shekarun 1960 a koma ciniki.

Abin da ya ɓata wa jami'o'i suna ya faru ne a 1991. Wani mai binciken kuɗi na gwamnati, Paul Biddle, ya fallasa lissafin jami'ar Stanford, ɗan majalisa John Dingell ya kira zaman sauraron bahasi, aka gano an cusa raguwar darajar wani jirgin ruwan shaƙatawa da kuɗin furannin gidan shugaban jami'a cikin abin da ake nema gwamnati ta biya. Shugaban, Donald Kennedy, ya sanar da ajiye aiki a shekarar. Ɗan kuka ya ja wa uwarsa jifa: a wannan shekarar aka ƙayyade kashin gudanarwa a kashi 26 ga kowace jami'a, kuma har yau yana nan a 26, alhali dokokin da ake bi sun ninka. Wannan yana da muhimmanci ga tambayarka. Ɓangaren da mutane ke zargi, wato ofisoshi da manyan ma'aikata, an daɗe da sa masa iyaka. Abin da ya wuce 26 a adadin kowace jami'a na gini ne da wuta da na'ura. Kashi 15 kuwa bai kai ko iyakar gudanarwar ba, balle a yi maganar gini.

Inda masu suka suke da gaskiya

Ba zan kare tsarin ido rufe ba, don daga ciki na san inda yake yoyo. Babban aibinsa shi ne duhu. Kuɗin ɗawainiya yakan faɗa babban asusun jami'a ya gauraye da sauran kuɗi, mai binciken da ya kwana yana rubuta takardar neman tallafin ba ya ganin inda ya shiga. Yana ganin famfon ɗakin gwajinsa ya lalace wata guda ba a gyara ba, yana kuma ganin an yi wa ofishin wani babba sabon fenti. Ko da lissafin daidai yake a takarda, ba ka da bakin hana shi zargi. Ina jin daga nan tambayarka ta fito, kuma zargin halal ne.

Aibi na biyu ya fi zurfi. Tsarin da ke mayar maka da abin da ka kashe ba ya koya maka tattali. Jami'ar da ta ci bashi ta gina katafaren ɗakin gwaji adadinta zai hau a ciniki na gaba, wadda ta lallaɓa tsohon gininta kuwa nata zai tsaya. Masana tattalin arziki sun daɗe suna nuna cewa wannan yana ingiza jami'o'i su yi ta gini suna ɗaukar masu binciken da albashinsu ya rataya a kan tallafi, da fatan kuɗin gwamnati zai ci gaba da ƙaruwa. Sannan cinikin kansa ya fi yi wa mai ƙarfi daɗi. Babbar jami'a tana da ƙwararrun da aikinsu ke nan, har ta ɗauko kamfanin ba da shawara, ƙaramar kwaleji kuwa takan karɓi abin da aka ba ta. Duk waɗannan gaskiya ne, kuma jami'o'in Amurka sun yi shekaru suna jin su suna kau da kai.

Akwai kuma hujjoji biyu da NIH ta kawo waɗanda ba su da ƙarfin da ake zato. Na farko, ta ce gidauniyoyi masu zaman kansu suna biyan ƙasa da haka kuma jami'o'i na karɓa, ta ba da misali da Gidauniyar Gates mai biyan jami'o'in Amurka kashi 10. Haka ne, sai dai duk wanda ya taɓa cika kasafin gidauniya ya san suna yarda ka sa abubuwa da yawa cikin kuɗin aiki kai tsaye waɗanda gwamnati ke cewa na ɗawainiya ne, kamar albashin mai kula da kuɗin aikin ko wani kaso na wurin aiki. Kuma jami'a tana iya haɗiye asarar ƙaramin tallafin gidauniya ne saboda akwai ginin da kuɗin gwamnati ya riga ya tsayar. Na biyu, maganar dukiyar da ke asusun Harvard da Yale. Mafi yawan wannan dukiya kamar waƙafi take, mai bayarwa ya gindaya sharaɗi, wannan na karatun ɗalibai marasa hali ne, wancan na kujerar farfesan kaza, ba a juya shi zuwa biyan kuɗin wuta. Ko an ce su za su iya, tallafin NIH yana zuwa cibiyoyi sama da 2,500, kuma ƙalilan ne masu irin wannan arziki. Waɗanda za su fi jin jiki su ne jami'o'in jihohi, da asibitocin yara, da cibiyoyin bincike masu zaman kansu da ba su da ɗalibai balle kuɗin makaranta. Shi ya sa har a jam'iyyar shugaban ƙasar aka sami masu adawa, irin su Sanata Susan Collins, shugabar kwamitin kasafin kuɗi na majalisar dattawa a lokacin. A yanzu ma, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da jami'o'in Amurka ke kashewa a bincike daga aljihunsu yake fita.

Mu da muke zaune a kashi 8

A nan ne nake da abin faɗa da ba daga karatu na samo shi ba. Cibiyoyin da ke wajen Amurka, har da namu na Najeriya, NIH ba ta ciniki da su. Kashi 8 take biya, ko kai waye, kuma ƙa'idarta ta faɗa a fili cewa na bin dokokin tallafin ne, ba na gini ko wuta ba. A misalin da na kawo ɗazu, kashi 8 na 320,000 dala 25,600 ne. Mu mun riga mun rayu a cikin abin da jami'o'in Amurka ke tsoro, kuma mun san kamanninsa.

Kamanninsa firiza ce mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, cike da jinin mutanen da aka bi gida-gida aka nemi izininsu aka ɗiba, wani tun shekarun baya. Firizar an saye ta da kuɗin aiki, wannan ba matsala. Amma wutar da za ta ci dare da rana, da dizal ɗin janareta, da na'urar sanyaya ɗakin don kada injin firizar ya ƙone a zafin Afrilu, da ma'aikacin da zai leƙa allon ma'aunin da tsakar dare ya rubuta a littafi, duk ɗawainiya ce. Na ga daren da taransifoma ta lalace, janaretan sashen ya ƙi tashi, ƙararrawar firiza tana ta kuka, ma'aunin yana hawa daga 80 ƙasa da sifili zuwa 70 zuwa 60, wato sanyin yana raguwa, yara masu aikin ɗakin suna kwasar akwatunan samfur da safar hannu mai kauri suna gudu da su zuwa wani gini da ke da wuta. An tsirar da su. Washegari aka sayi dizal aka kira mai gyara, kuma kuɗin bai fito daga tallafin ba, don babu layinsa a kasafin. Daga kuɗin shigar asibiti ya fito, wato daga kuɗin kati da na gwaji da marasa lafiya suka biya. Tun daga watan Afrilun 2024, da aka ɗaga farashin wutar rukunin A daga wajen naira 68 zuwa 225 kowane yunit, wannan gibin ya ƙara faɗi.

Haka ƙayyadewa ke aiki a zahiri. Kuɗin wutar yana nan, sai dai mai jinya ko ɗalibi ya biya shi ba da saninsa ba. Inda babu mai biya kuma, sai gini ya riƙa lalacewa a hankali, ko akanta ɗaya ya riƙe ayyuka goma har a sami kuskure a rahoto a zargi cibiyar da sakaci, ko a fara dabarar ɓoye ɗawainiya a cikin layukan kuɗin aiki. Wannan na ƙarshe ya fi damuna, domin matakin da aka ɗauka da sunan fayyace gaskiya sai ya koya wa mutanen kirki yin rufa-rufa. Akwai kuma abin da ba ya fitowa a lissafi: shugaban cibiya da ya gane cewa kowane tallafi asara yake ja masa zai daina ƙarfafa wa malamansa gwiwar nema.

Kuma abin da ya sami jami'o'in can yana iso mu. Aikin da likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano suka yi da Jami'ar Vanderbilt, wanda ya nuna yadda maganin hydroxyurea ke kare yara masu sikila daga shanyewar ɓarin jiki, da tallafin NIH aka yi shi. Irin wannan haɗin gwiwa yana tsayawa ne a kan ofisoshin jami'ar can da ke tura kuɗi, su duba rahoto, su horar da ma'aikatanmu, kuma da kuɗin ɗawainiya ake biyan waɗannan mutanen. Idan aka matse su, aikin da ke nesa mai wahalar kulawa shi za a fara ajiyewa.

Abin da ya fi ƙayyadewa

Adadi ɗaya ga kowa ba haramun ba ne a kansa. Tarayyar Turai tana biyan kashi 25 ga kowa a shirinta na tallafin bincike mai suna Horizon, Japan tana biyan kashi 30 a manyan tallafinta, kuma bincike bai mutu a can ba. Amma a waɗannan ƙasashe gwamnati tana ba jami'o'i kuɗin gini da albashin malamai ta wata hanya dabam, tallafin bincike ƙari ne a kai. Amurka ba ta da wannan hanya a matakin tarayya, kuɗin ɗawainiyar shi ne hanyar. Wanda ya ɗauko lambar Turai ya bar kasafin da ke ƙarƙashinta ya ɗauko rabin tsari. Biritaniya ta bi wata hanyar tun 2005: jami'a ta lissafa dukan abin da aikin zai ci, har da gini da lokacin malami, hukumomin bincike su biya kashi 80, sauran ta nemo. Jami'o'in can ma suna kukan gibi, amma aƙalla kowa ya san girmansa, a rubuce yake.

A Amurkar ma, bayan girgizar 2025, ƙungiyoyin jami'o'i sun haɗu ƙarƙashin jagorancin Kelvin Droegemeier, wanda ya taɓa zama mai ba Trump shawara kan kimiyya, suka fito da wani tsari da suka kira FAIR. Manufarsa ita ce a fito da yawancin abin da ke ɓoye cikin adadin a rubuta shi a kasafin kowane aiki gwargwadon irin aikin, ta yadda binciken da ke buƙatar ɗakin dabbobi zai nuna kuɗinsa, wanda kwamfuta kawai yake buƙata shi ma ya nuna nasa, a bar ɗan kaso na bai ɗaya ga abin da ba ya rabuwa. A ganina wannan alƙibla ce mai kyau, ko da yake ina hango wahalarta daga teburina: duk abin da aka fito da shi fili sai an bi shi da takarda, kuma masu bin takardar su ma albashi suke ci.

Da ni ake tambaya, da sai in ce a tilasta wa kowace jami'a ta wallafa yadda ta kashe kuɗin ɗawainiyarta duk shekara, a sa iyaka a kan tsadar ginin da gwamnati za ta yarda ta biya, a rage dokokin da ke maimaita juna tsakanin hukumomi, duk wani ragi kuma a yi shi a hankali cikin shekaru, kada ya shafi aikin da aka riga aka sa hannu. Jami'ar da ta ci bashin shekara talatin ta gina ɗakin gwaji bisa adadin da gwamnati ta amince da shi ba za ta iya sauya lissafinta tsakanin Juma'a da Litinin ba. Sai dai in faɗa maka iyakar ganina: mutumin da albashinsa ke fita daga irin wannan kuɗi ne yake ba ka amsa, don haka ka auna maganata da wannan, ka kuma bi lissafin da kanka. Kuma babu wata lamba ɗaya da zan ce ita ce daidai ga kowace jami'a, domin abin da binciken ƙwayoyin cuta ke ci ba shi binciken tarihi ke ci ba.

Game da aikinka kuwa, Malam, kada ka tsaya a zargi. Je ofishin bincike na jami'arku ka nemi rubutacciyar ƙa'idar rabon kuɗin ɗawainiya: nawa ke zuwa babban asusu, nawa ke dawowa tsangaya da sashe, nawa aka ware don gyaran na'ura da wuta. Idan babu ita a rubuce, wannan shi ne abin da ya kamata ku kai gaban majalisar jami'a, ku da sauran masu tallafi. In kuma za ku rubuta sabon kasafi, ka zauna da akantan aikin tun kafin a tura. Duk abin da ƙa'idar mai bayarwa ta yarda a sa a kuɗin aiki kai tsaye, kuma za a iya nuna cewa na wannan aikin ne shi kaɗai, kamar batir da faifan sola na firizar aikin, da kwangilar gyaran na'urarsa, da lokacin mai shigar da bayanansa, a rubuta shi da sunansa da hujjarsa, a nemi amincewar abokan haɗin gwiwar a rubuce kafin a fara kashewa.